Fasassun Biskit na Ranar Juma'a

Sa Jabez Ackrill, mai kamfaninmu, ba ya zama. Duk wanda ya yi aiki a kamfanin biskit na garin Hollinby zai gaya maka haka tun kafin ya gaya maka launin gemunsa. A ofishinsa babu kujera ko ɗaya. Ya sa kafinta ya yi masa tebur mai tsayi har ƙirji, a tsaye yake sa hannu a takarda, a tsaye yake shan shayi, kuma duk wanda ya zo ganinsa, ko ɗan majalisa ne, sai dai ya bi bayansa suna tafe suna magana. A coci ma bencin bakin ƙofa yake zaɓa, kafin fasto ya kai rabin wa'azi sai ka ji ƙarar takalminsa a kan tsakuwar waje.

Ni Keziah Sugden, shekara talatin da takwas na yi a ɗakin jera biskit a gwangwani, ashirin daga ciki ni ce uwar ɗaki, mata arba'in a hannuna. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba.

A Layin Majema aka haifi Jabez, gida uku tsakaninsu da gidan kakata. Uwarsa ta taga take sayar da biskit, shi kuma da amininsa Enoch Birtle, wanda yake kawuna, ƙanen mahaifiyata, su ne masu tura baro zuwa bakin masaƙu lokacin tashi daga aiki. Suna da shekara goma sha tara suka gina tanderun bulo da hannunsu, uwarsa ta ɗebo garwashi daga murhunta ta kunna. Shi ne tanderu na ɗaya, kuma tun ranar wutarsa ba ta mutu ba. Daga nan abu ya yi ta gaba, aka shiga gwangwani, aka shiga jirgin ƙasa, tanderu ya zama goma sha shida. Da aka yi babban yaƙi biskit ɗinsa sojoji suka ci a ramukan fagen daga, da aka gama Sarkin ƙasa ya ba shi sarautar baronet, wadda ake gadonta daga uba zuwa babban ɗa, tun daga nan ake sa masa laƙabin girmamawa na Sa a gaban suna. Ya sayi ƙaton gidan kan tudu daga hannun wasu masu asali da suka tsiyace. Masu asalin yankin suna zuwa su ci abincinsa, in sun fito su kira shi Sarkin Gwangwani. Ɗaki arba'in ne a gidan, amma bai sami ɗaya da zai iya zama a ciki ba. Ƙarfe shida na safe yana bakin ƙofar kamfani, yana duba agogon aljihu yana hararar masu latti. Kawu Enoch kuwa yana nan a bakin tanderu na ɗaya da cebur ɗinsa, shi kaɗai ne a duk garin yake ce masa Jabez gatsal.

Tun zamanin uwarsa akwai wata al'ada a gidan. Biskit ɗin da ya fashe ba ya shiga gwangwani, a manyan kwanduna ake tara shi, ranar Asabar da azahar a raba wa ma'aikata a jakar takarda. Jakar Asabar muke ce mata. Ba kyauta ba ce, ku gane wannan da kyau, don mutanen Hollinby ba sa karɓar kyauta. Mace za ta kwana da yunwa, da safe ta fito ta goge dakalin ƙofarta ya yi fes don kada maƙwabta su gane. Amma fasasshen biskit abin zubarwa ne, in ka ɗauka kai ka taimaki kamfani. A jiƙa shi a shayi, ko a ruwan zafi in babu shayin, yara huɗu sun kwanta ba kuka.

Matsalar ita ce Maigida, kamar yadda muke kiran Sa Jabez, ya iya biskit, kuma bai san ya isa ba. Kullum yana gyara wani abu, kullum abin da ke fashewa yana raguwa, jakar Asabar tana ƙanƙancewa. Shekarar da aka yi dogon yajin aiki a masaƙu, mazan gari duk suna zaune, jakar ta koma ba ta fi tafin hannu biyu ba. A shekarar ne uwar ɗakin da ta gabace ni ta koya mana bugun kugu. Kina ɗauke da tire daga bakin tanderu zuwa teburinki, in kin zo kusurwa sai ki ɗan ba shi kugu, kamar mai kauce wa wani. Layin gefe kaɗai zai tsage, tsagewa irin ta zafin wuta, ba mai iya bambantawa. Siririn biskit na tanderu na ɗaya ya fi karɓar bugun, shi kuwa ranar Juma'a ake gasa shi. Da na gaji ɗakin na gaji wannan ma. Ni nake sanin gidan da aka haihu, da gidan da miji ya kwanta ciwon ƙirji, in leƙa kwanduna ranar Alhamis in ga inda suka tsaya. In na shigo ranar Juma'a na ƙulla igiyar rigar aikina ta hagu, to a buga. In ta baya na ƙulla kamar kowa, a ƙyale. Ba mu taɓa faɗa da baki ba, ko a tsakaninmu.

Maigida ya lura, ina zai kasa lura. Mutumin da yake gane an canja gari daga jin ƙamshi a tsakar gida. Me ya sa sai Juma'a, me ya sa sai tanderu na ɗaya? Abin ya shiga ransa ya yi gida. Ya canja mai kawo gari, ya canja man shanu, ya sa aka sake tiren ƙarfe gaba ɗaya. Ya ɗauko wani masani daga arewa, ya zo da ma'aunan zafi cike da akwati, ya yi wata guda yana leƙen wuta ya koma ba gira. A duk wannan bai taɓa waiwayo ɗakinmu ba. A wurinsa biskit a wuta ake yin sa, a wuta yake lalacewa, mu hannaye ne kawai masu jerawa.

Shekara biyu bayan an ba shi sarauta, wasu manyan baƙi suka zo zagaya kamfani ranar Juma'a, ɗaya daga cikinsu ya leƙa kwando ya yi wata 'yar dariya. Washegari Maigida ya tsaya a bakin tanderu na ɗaya, a gaban kowa, ya ce wa Kawu Enoch hannunsa ya tsufa, ba ya iya riƙe wuta daidai. Kawu ya jingine cebur, ya ɗauki hularsa da kwanon abincinsa, ya fita ta ƙofar da ya shiga shekara arba'in da biyar.

Ina tsaye ina kallo ban buɗe baki ba. Wannan ɗaya kenan, kuma ba shi ne mafi muni ba. Mafi munin shi ne tsoro ya kama mu muka daina. Wata uku cur ina ƙulla igiyata ta baya, biskit ɗin Juma'a yana fita lafiya lau, duk gari ya ce ashe Maigida ya yi gaskiya, Enoch ne. Da bakinmu ba mu ɗora masa laifi ba, da tsoronmu muka tabbatar masa da shi. Da sanyi ya shigo yunwa ta fi tsoro ƙarfi muka koma, kaɗan-kaɗan. Maigida ya ga fashewar ta dawo ba Enoch a wurin, amma bai je ya ba shi haƙuri ba. Abin da ya yi shi ne ya daina bi ta Layin Majema. Hanyar da ta fi kusa ce daga gidansa zuwa kamfani, amma sai ya zagaya ta bayan tashar jirgi, ruwa ko iska. Rashin zamansa kuma ya ƙaru, har direbansa ya gaji da bin sa da mota a hankali yana tafe a ƙasa.

Haka muka yi shekara goma sha ɗaya. Sai ga shekarar da masaƙu uku suka rufe a wata ɗaya, aka kuma sanar cewa Sa Jabez, mai shekara saba'in da biyar, zai miƙa kamfani ga ɗansa Mista Aubrey a ƙarshen wata. Mista Aubrey ba mugu ba ne. An dai tura shi makarantar 'ya'yan manya tun yana ƙarami, ya dawo da irin maganarsu da irin tafiyarsu, bai taɓa cin abin da aka jiƙa a ruwan zafi ba. Abu biyu yake so, a rushe tanderu na ɗaya don ya tsufa yana cin kwal, kuma a kawo injin jera biskit. Uban ya hana duka biyun. Amma shi ɗan ya yi tunanin da uban bai taɓa yi ba. Ranar Litinin ya shigo ɗakinmu, hannu a baya, ya ce mini cikin ladabi yana zargin fashewar Juma'a aikin hannu ce, kuma in ta tabbata haka ne, zai sallami ɗakin gaba ɗaya ya kawo inji, mahaifinsa ma ba zai iya cewa komai ba. Ya ce mahaifin ya rantse ba zai bar kamfanin nan ba sai ya san dalili, don haka Juma'ar nan tsohon da kansa zai wuni a ɗakinmu.

Makon nan ban san yadda na yi shi ba. In zauna in tashi, in ɗora tukunya in manta ban sa komai a ciki ba. In muka buga a gabansa zai iya kama mu. In muka daina saboda yana nan, biskit ya fita lafiya ranar da aka sa mana ido, ai mun kama kanmu da kanmu. Kwanduna kuwa da na leƙa ranar Alhamis ko rabi ba su kai ba, ga gidaje ba adadi da jakar nan ce abincin Lahadinsu.

Da aka tashi ranar Alhamis na bi ta Layin Majema. Kawu Enoch yana kan bencinsa a ƙofar gida, bargo a gwiwa, yana watsa wa tantabarunsa tsaba. Shekara goma sha ɗaya ina kawo masa jakata ta Asabar, yana karɓa yana godiya, ba mu taɓa taɓo maganar ba. Ranar na tsaya a gabansa na kwashe komai na gaya masa, tun daga bugun kugu har wata ukun da muka daina. Ina faɗa ina kuka, mace mai shekara hamsin da biyu a tsakiyar layi.

Ya bari na gama, sannan ya yi tari ya ce, "Kezi, ke a tunaninki ni makaho ne? Shekara nawa ina bakin tanderu ina kallon mata arba'in suna rangaji ranar Juma'a kamar an sa musu kiɗa?"

Na ce to me ya hana shi magana ranar da aka kore shi.

"In ce me? In ce ba ni ba ne, 'yar yayata ce da matan layinmu? Share majinarki, kin fi haka girma."

Na tambaye shi yadda zan yi gobe. Ya ce mu buga. Ya ce in muka daina mun maimaita abin da muka yi masa, sai dai wannan karon kanmu za mu yi wa. Ya ƙara da cewa kada in damu, Jabez tun yana saurayi bai taɓa kallon kugun mace ba, matarsa ma sai da ta yi masa biskit ya san tana duniya. Na yi dariya ina hawaye. Da zan tafi ya tambaye ni, yana kallon tantabaru, ko har yanzu mutumin yana zagayawa ta bayan tasha. Na ce yana yi. Ya ce ƙafarsa ce, ya ƙarar da ita.

Ranar Juma'a na ƙulla igiyata ta hagu. Matan suka kalli ƙullin suka kalle ni, wata har ta yi fari fat. Ƙarfe shida da minti biyar Maigida ya shigo, ya rataya kwat ɗinsa a ƙusa, ya fara zarya. Daga ƙofar tanderu zuwa ƙarshen ɗaki, daga ƙarshen ɗaki zuwa ƙofar tanderu, yana ɗaukar biskit yana ɗagawa a haske, yana shinshinawa, yana gunaguni shi kaɗai. Muka riƙa jira ya juya baya. Tire ɗaya, tire biyu, tire goma. Ya je kwando ya tarar da fasassu sun ƙaru, ya ruga bakin wuta ya daka wa mai tanderu tsawa, ya dawo yana huci. Har na fara cewa a raina Kawu ya san mutuminsa.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na ɗauko tire da kaina. Yana can ƙarshen ɗaki ya ba ni baya. Na zo kusurwa na ba tire kugu, ina ɗago kai muka haɗa ido a gilashin taga. Ashe ba waje yake kallo ba.

Ya juyo a hankali. Sai ya tsaya. Ban taɓa ganin mutumin nan tsaye wuri ɗaya ba tare da wani sashe na jikinsa yana motsi ba sai ranar, kuma wallahi ya fi zaryar ban tsoro. Ya tako ya zo ya ɗauki guntu ɗaya daga tirena, ya duba bakin tsagewar, ya ce in sake yi ya gani. Na ɗauko wani tire na sake. Ya gyaɗa kai.

"Tun yaushe, 'yar Sugden?"

"Tun shekarar dogon yaji, ranka ya daɗe."

"Saboda jakar?"

"Saboda jakar."

Ya dubi matan ɗaya bayan ɗaya. Ya san iyayen mafi yawansu, ya san layin da kowacce ta fito. Na ga yana lissafin shekaru a ransa, na kuma ga lokacin da ya iso inda nake tsoro.

"Wata ukun nan da aka daina, bayan Enoch ya tafi?"

"Tsoro muka ji, ranka ya daɗe."

"Shi ya sani?"

"Ya sani tun farko."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ajiye guntun a tire kamar abin da zai ƙara fashewa, ya ce a ci gaba da aiki. Ya koma zaryarsa, amma yanzu ba ya kallon komai, tafiya kawai yake yi, mu kuma muna jera biskit ba mu san ko na ƙarshe muke jerawa ba.

Da azahar Mista Aubrey ya shigo da mutumin kamfanin inji a bayansa. Ya leƙa kwando ya ga ya kusa cika, ya ce, "To, Baba, ka gano?"

Maigida ya ce ya gano. Na riƙe bakin tebur.

"Tanderun ne. Bulon gefen hagu ya gaji, in an ƙara wuta don siririn biskit sai ya riƙa ba da zafi ba daidai ba. Tun da can shi ne, ni na ƙi gani don ni na gina shi. Ka rushe abinka."

Mista Aubrey ya yi sororo. Shekara shida yana roƙon abin nan ana hana shi. Ya ce to maganar hannu fa? Uban ya ce ya wuni a ɗakin nan da idonsa biyu, in akwai wanda ya fi shi sanin biskit a garin ya fito ya faɗa. Ya ce injin jerawa kuma a bar maganarsa, an ba shi ɗaya, ya haƙura da ɗaya. Sannan ya ɗaga murya yadda na bakin tanderu ma za su ji, ya ce a rubuta a manna a ƙofar kamfani cewa laifin tanderu ne, ba na Enoch Birtle ba, kuma shi Jabez Ackrill ya zalunci mutumin.

Na san abin da tanderun nan yake a wurinsa. Sarautar, da gidan kan tudu, da sunansa a kan gwangwani har ƙasashen da bai taɓa zuwa ba, duk bai ɗauke su a bakin komai ba in aka haɗa da wutar da uwarsa ta kunna. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Sau biyu kenan wani yana ɗaukar laifina.

Ranar ƙarshen wata aka kashe wutar. Maigida ya aika mota Layin Majema, Kawu ya mayar da ita ya tako da ƙafarsa, yana tsayawa yana tari. Aka miƙa masa tsohon cebur ɗinsa, ya janye garwashin a hankali har bulo ya yi duhu. Maigida yana ta kai da kawo a bayansa, ya buɗe baki ya rufe, ya sake buɗewa. Kawu ya jingine cebur ya ce ba abin da ya sami bulon nan, zai yi wata shekara hamsin. Maigida ya ce ya sani. Iyakar abin da suka ce wa juna kenan, kowa ya kama hanyarsa.

Aikinmu ya tsira, amma jakar ta mutu. Tunda an ce tanderu ne, kuma an rushe tanderu, dole fashewa ta tsaya, in ba haka ba ƙaryar Maigida ta tonu. Na koma ƙulla igiyata ta baya. Asabar ta farko abin da aka raba bai fi cikin kofin shayi ba. Na bi ta layuka na ga an goge dakali sun yi fes, na san abin da hakan yake nufi.

Maigida ma ya ji labari, don tunda ya bar kamfani ba abin da yake yi sai yawo a gari kamar wanda ya yar da wani abu. Asabar ta biyu sai ga motarsa a bakin ƙofar kamfani, cike da gwangwanaye sababbi fil da ya saya da kuɗin aljihunsa, lafiyayyen biskit mai hoton gidan kan tudu a murfi. Direba ya jera su a tebur, Maigida ya tsaya a gefe yana cewa kowa ya ɗauki ɗaya. Mutumin da aka haifa a Layin Majema, a ce ya manta. Muka fito mu ɗari shida, kowa ya ɗaga masa hula ko ya rusuna, aka ce an gode ranka ya daɗe, akwai abinci a gida. Ko gwangwani ɗaya ba a taɓa ba. Ni ma ban ɗauka ba, ga shi na san gidaje goma da zan kai. Na waiwaya daga kan kwana na hango shi yana zagaya teburin, yana zagayawa, har direba ya fara mayar da kaya mota.

Asabar ta uku ba mota a bakin ƙofa. Muka karɓi 'yan ƙullinmu muka kama hanya. Ina shiga Layin Majema na ga mutane sun yi cirko-cirko daga nesa, ba mai matsawa. Motar tana tsaye a ƙofar Kawu, gwangwanaye a buɗe a ƙasa, ga tarin jakunkunan takarda. Kawu yana kan bencinsa. Kusa da shi Sa Jabez Ackrill ne, baronet, a zaune, ya naɗe hannun riga, da tire a kan gwiwarsa. Yana ɗaukar lafiyayyen biskit ɗaya-ɗaya yana karyawa yana jefawa a kwando.

Daga baya na ji yadda aka yi. Da hantsi ya biyo ta layin, karo na farko a shekara goma sha ɗaya, ya tsaya a gaban bencin yana canja ƙafa, ya ce shi bai gane mutanen garin nan ba. Kawu ya ce ai ya daɗe bai gane su ba, ya matsa masa wuri, ya ce ya zauna yana sa masa jiri.

Na matsa kusa na ji Kawu yana masa faɗa.

"Kana murƙushe su, Jabez. Gari za su ci? Biyu za ka raba shi, ko uku, yadda zai yi kama da tsautsayi."

"Shekara hamsin da shida ina koyon yadda ba zai fashe ba."

"To yau ka koyi ɗayan. Kezi, zo ki nuna wa Sarkin Gwangwani yadda ake yi."

Na jera biskit a tire, na zo kusurwar bencin na ba shi kugu. Layin gefe ya tsage tsaf. Maigida ya ɗauki guntu ya duba bakin tsagewar, ya daɗe yana dubawa, ya ce aiki ne mai kyau.

Kawu ya ɗaga kai ya dubi masu tsayuwa daga nesa, ya ce kaya sun lalace a hannun wani tsoho da bai iya komai ba, ko akwai mai taimakawa ya rage, kada a zubar. Sai wata mata mai goyo ta tako, ta ce to, tunda zubarwa za a yi. Maigida ya cika jaka ya miƙa mata ba tare da ya ɗago ido ba, ya jawo wani gwangwanin ya buɗe. Har magariba yana kan bencin nan bai tashi ba.